Cokalin Gwaggo

Gwaggo ba mutum ba ce. Tsohon injin dizal ne mai fistin ɗaya, da tayoyin ƙarfe biyu a gefe, kowace ta kai ƙugun namiji. Ita ke juya zartunan gidan yankan katakon tun kafin a haifi rabin ma'aikatan wurin. Wanda ya raɗa mata sunan ya daɗe a ƙasa, amma bai yi ƙarya ba: tana tari da safe, tana mita duk yini, kuma ba ta tashi sai an lallashe ta.

Mai lallashin nata mutum ɗaya ne. Mai Inji ake ce masa, har matarsa in ta yi fushi haka take kiransa. Shekara talatin da ɗaya yana ɗakin nan mai baƙin kwano, inda mai da garin katako suka haɗu suka zama daɓe. Kullum da safe zai zaro gejin mai ya duba, ya cika durom ɗin ruwan da ke sanyaya ta, ya shafa faffaɗan bel ɗin da ya ratsa ta ramin bango zuwa rumfar zarto. Sannan ya ɗaga ɗan ƙarfen da ke sakar mata numfashi, ya maƙala hannun juyawa, ya yi ta murzawa har tayoyin su ɗauki gudu, ya saki ƙarfen. Tum. Tum. Tum-tum-tum. Sai mutum goma sha huɗu su san yau akwai aiki.

Ba shi ya fara riƙe ta ba. A hannun Baba Sifana ya koya, wani dogon dattijo da ba ya ɓoye wa almajirin sana'a komai. Shekara shida yana nuna masa: ga yadda ake jin ciwonta da kunne, ga notin da ba a matsewa da ƙarfi, ga abin da hayaƙi fari ke nufi. Ranar da Mai Inji ya kwance ta ya mayar shi kaɗai, Baba Sifana ya dafa kafaɗarsa a gaban mai gidan katakon ya ce, “Babu abin da na sani wanda bai sani ba.” Da alfahari ya faɗa. Kwana tara bayan nan aka sallami dattijon daga aiki. Saurayi ya fi shi ƙarfin murza hannu, kuma ba ya ciwon baya.

Baba Sifana bai tafi ko'ina ba, don ba shi da inda za shi. Ya samu benci a bakin ƙofa yana buɗe wa motocin gungume, har shekarar da ya mutu. Bai taɓa gaya wa Mai Inji baƙar magana ba. Gaisuwa kawai. Wannan gaisuwar ita ta fi komai tsaya wa Mai Inji a rai. Darasin ƙarshe da ya ɗauka a wurin dattijon shi ne wanda dattijon bai yi niyyar koya masa ba: kada ka taɓa juye wa kowa duk abin da ke kanka.

Saboda haka yana da sirri guda, kuma ba wani babban abu ba ne. Cokali ne.

Irin waɗannan tsofaffin injuna ba su da famfon mai. A can ciki, a gindin sandar fistin, akwai ɗan ƙarfe da makanikai ke kira cokali. Duk juyi ɗaya sai ya tsoma kai cikin baƙin mai ya watsa shi sama, ya jiƙa duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. In cokali bai taɓa mai ba, to inji a bushe yake gudu, ko da kaskon cike yake.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce cokalin Gwaggo ya karye. Babu mai sayar da irinsa. Mai Inji ya yanko guntun sifirin mota, ya gyara shi da magagari, ya kai wa ƙanensa Auta, wanda ke walda da wasa zartuna a ƙarshen rumfa. Ya ce masa, “Liƙa mini wannan a jikin wannan.” Auta ya tambayi na mene ne, ya ce ba ruwansa. Sai da Mai Inji ya ɗaura ya rufe sannan ya gane sabon cokalin ya gaza tsohon da faɗin yatsa biyu. Ga motoci uku na jiran katako. Sai ya ƙara mai har ya wuce zanen gejin da yatsa biyu. Gwaggo ta tashi lafiya lau.

Ya yi niyyar ranar hutu ya sake wani cokalin, ko dai ya sa magagari ya yi wa gejin sabon zane. Aikin minti ɗaya. Da ranar ta zo yana riƙe da magagarin, sai idonsa ya faɗa kan bencin bakin ƙofa. Ya mayar da magagarin cikin akwati.

Tun daga nan gejin Gwaggo ƙarya yake yi wa kowa, ban da shi.

Tsohon mai gidan ya mutu, ɗansa ya gaji wurin. Manaja ake ce masa, don haka ya ce a kira shi. Farar riga, waya a kunne, kuma ba ya shiga ɗakin inji sai ya toshe hanci. Kullum zancensa janareta mai maɓalli da ya gani a wani wuri. Abin da ya hana shi taɓa Gwaggo shi ne ba ta shan mai da yawa, kuma ba ta taɓa kwana ba ta aiki ba. Sau biyu yana cewa Mai Inji ya rubuta masa yadda ake kula da ita a takarda.

“Ranka ya daɗe, ni rubutuna ko ni ba na iya karanta shi.”

“To ka koya wa ƙanenka.”

“Ana nan ana yi.”

Ba a yi. Auta ya kai arba'in da shida, furfura ta fito masa a gemu, amma har yau in ya leƙo ɗakin inji sai ya tsaya daga ƙofa. Ya iya tayar da ita, don yana kama wa yayansa murza hannu in sanyi ya yi yawa. Iyakarsa ke nan.

Murza hannun nan ne ya jawo wa Mai Inji ƙaba. Shekara uku yana ɗaure mara da tsumma yana aiki, har ranar da ya durƙushe a gindin durom ya kasa miƙewa. Likita ya ce aiki za a yi, kwana biyu a gado, na uku gida.

Ana gobe zai tafi, da la'asar bayan an kashe inji, ya ƙara mata mai har yatsa uku saman zane. Ya san cinta: rabin yatsa a kwana uku. Ya isa ya yi saura. Yana goge gejin Auta ya tsaya a ƙofa.

“Yaya, in shigo ko sai na cire takalmi?”

“Shigo, kada ka taɓa komai.”

“To ta yaya zan riƙe maka ita ban taɓa ta ba? Da ido?”

Mai Zarto, wanda bakinsa ba ya hutawa kamar zartonsa, ya leƙo ta ramin bel. “Auta, ka yi hankali. Mutumin nan zai bar maka matarsa da 'ya'yansa amana bai waiwaya ba, amma ban da tsohuwar nan.”

“Kai ka ji da yatsunka takwas,” in ji Mai Inji.

“Takwas da rabi, malam. Kada ka rage mini.”

Auta ya yi dariya, sannan ya gyara tsayuwa. “Tsakani da Allah, Yaya. Akwai abin da ya kamata in sani? Ko ƙarami ne.”

Mai Inji ya dubi gejin da ke hannunsa. Zane ɗaya, ya sha guga har ya kusa ɓacewa. Maganar ta zo masa har bakin haƙori.

“Ruwa a durom. Ka tayar da safe, ka kashe da yamma. Kwana biyu ne.”

“Mai fa?”

“Na zuba. Na ce kada ka taɓa.”

Kwana biyun ba su zama biyu ba. Ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi, likita ya ce ba inda za shi. Ɗakin na mutum takwas ne, fanka ɗaya, da wani tsoho a gadon kusa da ke kiran nas da sunan 'yarsa. Mai Inji yana kwance yana lissafi a silin: yau ta ci rabin yatsa, saura biyu da rabi.

Rana ta huɗu da hantsi ya aika matarsa ta kira Auta a waya, ya ce in an tashi aiki ya zo, akwai magana. Ya yanke shawara. Zai faɗa masa, ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ai ciki ɗaya suka fito.

Auta ya zo da yamma da lemo a leda, hannunsa baƙi ƙirin da mai, fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa.

“Yaya, jiki?”

“Da sauƙi. Ita fa?”

“Ka ji shi,” in ji matar, tana ɓare lemo. “Bai tambayi yara ba.”

“Lafiyarta ƙalau,” in ji Auta. “Jiya murzawa ɗaya ta tashi. Ɗaya tak! Mai Zarto ya ce ashe tsohuwar saurayi take so.” Ya zauna a bakin gado. “Har Manaja ya shigo, bai ko toshe hanci ba. Ya tsaya yana kallona. Ya ce, ‘Ashe abin ba wani sihiri ba ne.’”

“Haka ya ce?”

“Wallahi. Ya ce ka kwanta ka huta sosai, kada ka yi gaggawar dawowa.”

Ba da mugunta Auta ya faɗa ba. Murna ce ta mutumin da ya shekara ashirin a bakin ƙofa aka ce masa shigo. Amma Mai Inji bai ji murnar ba. Abin da ya ji shi ne hannun Baba Sifana a kafaɗarsa.

“Ka ce akwai magana, Yaya.”

Mai Inji ya juya fuska bango. “Ruwan durom. Kada ka bari ya sauka.”

“A kan wannan ka taso ni?”

“A kansa.”

Bayan Auta ya tafi ya sake lissafi. Ko ya kai kwana tara, man ba zai sauka ƙasa da yatsa ɗaya da rabi ba. Cokalin zai riƙa lasa kaɗan-kaɗan. Za ta yi zafi, muryarta ta canza, Auta ya tsorata ya kashe ta, ya rugo nan asibiti, Manaja na biye da shi. Sai shi kuma daga kan gado ya ce, “Ku ɗauke ni ku kai ni.” Ya je ya shiga shi kaɗai, ya rufe ƙofa, minti biyar ta tashi. A lokacin za a san ko sihiri ne ko ba sihiri ba. Ba ya so a cutar da ita. So yake ta ɗan yi kuka a ji.

Abu ɗaya ne bai sa a lissafin ba: cewa ƙanensa zai yi masa kirki.

Rana ta bakwai da tsakar rana Mai Zarto ya shigo ɗakin. Bai yi wa nas ba'a ba, bai ce komai a kan rigar asibitin ba. Ya tsaya a ƙarshen gado yana murza hula.

“Gwaggo ta buga.”

“Ta yaya?” in ji Mai Inji.

“Jiya ranar hutu Auta ya zo shi kaɗai. Ya ce so yake ka dawo ka same ta kamar amarya. Ya juye tsohon man, ya wanke kasko da kananzir, ya goge ta tas, har tayoyin ya yi wa fenti. Ya zuba sabon mai daidai zane, bai ƙara ba bai rage ba. Sau uku yana dubawa, a gabana ya sake dubawa yau da safe.” Ya juya hular a hannu. “Ya ce ya tarar man ya wuce zane sosai. Ya ce ƙila idonka ne ya fara rauni. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, kada Manaja ya ji ya ce ka tsufa.”

“Ba wanda ya ji ƙararta ta canza?”

“Da zarto biyu na ci? Shi kuma yana can ƙarshen rumfa yana liƙa mini zarton da ya tsinke. Minti ashirin ta yi. Sai muka ji kamar an jefo dutse kan kwano. Sandar fistin ta faso ta gefe.” Ya sa hularsa. “Manaja ya kori Auta a gaban kowa. Ya ce shekara talatin ba ta taɓa tsayawa ba sai da ya sa mata hannu.”

Matar ta ce, “Innalillahi. Bawan Allah, shi da ya so ya kyauta.”

Mai Inji ya ce a ba shi ruwa. Da aka ba shi bai sha ba.

Ranar da aka sallame shi daga asibiti bai je gida ba. Ya sa aka sauke shi a gidan katakon, yana tafiya a sunkuye, hannu ɗaya a mara. Wurin shiru. Bai taɓa jin tsuntsaye a nan ba sai ranar. Ma'aikatan na zaune kan gungume, suka yi masa sannu ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki.

Gwaggo na sheƙi. Tayoyin jajaye, sabon fenti. A gefenta rami ya kai tafin hannu biyu, sabon mai ya malale a ƙasa, har yanzu launinsa kamar zuma. Ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu cikin ramin yana lalube. Ya fito da cokalin. Bai karye ba, ƙusarsa ce ta tsinke. Ya yi shuɗi don zafi, kuma a bushe yake.

“Ba ni in gani.”

Auta ne. Ya zo kwashe kayan waldarsa, jakar na rataye a kafaɗarsa. Wannan karon bai tsaya a ƙofa ba. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi a hannu, ya sa babban yatsa a kan ɗinkin waldar.

“Wannan hannuna ne. Sifirin mota. Na tuna ranar, ka ce ba ruwana.”

Ya kalli gindin sandar fistin inda cokalin ke zama. Ya zaro gejin ya jera su. Mutumin da ya shekara talatin yana auna ƙarfe ba sai an yi masa bayani ba. Ya ɗora yatsu biyu a saman zanen, ya bar su a nan.

“Ashe ba idonka ba ne.”

“Auta…”

“Na tambaye ka a nan. Na tambaye ka a asibiti.”

Manaja ya shigo, waya a hannu, hankici a hanci. “Baba, sannu da jiki. Ka ga aikin ƙanenka ko?”

Mai Inji ya dafa durom ya miƙe. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da maganar nan kamar garwashi a aljihu, yana ganin ranar da ya sake ta ƙasa za ta girgiza.

“Ba laifinsa ba ne, ranka ya daɗe. Nawa ne. Akwai cokali a ciki, ni na yi shi, ya gaza. Sai man ya wuce zane da yatsa biyu yake kaiwa. Ni kaɗai na sani, ban gaya masa ba. Abin da geji ya nuna shi ya bi.”

“Cokali?” Manaja ya yi 'yar dariya, idonsa na kan waya. “A cikin inji? To. Ko ma dai mene ne, ta huta mun huta. Jibi za a kawo janareta da injin lantarki mai juya zarto. Masu kamfanin su za su riƙa zuwa dubawa.” Ya ɗago. “Auta, in haka ne ka ajiye jakarka, zartuna na jiran wasa. Kai kuwa Baba, da wannan ɗinkin ai ba ka sake ɗaukar nauyi ba. In kana son abin yi, ƙofa ba kowa.”

Wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana amsawa. Maganar duka ba ta ci masa minti ɗaya ba.

Auta ya ajiye cokalin a kan durom, a hankali, ya gyara jakarsa a kafaɗa.

“Ni kwana uku ban iya kallon matata ba. Ina cewa na kashe wa Yaya abin da ya fi so a duniya. Ina neman bakin da zan ba ka haƙuri.” Ya nufi ƙofa, ya tsaya bai juyo ba. “Ni ba kujerarka nake so ba. So nake a ce na riƙe maka. Allah ya ƙara sauƙi, Mai Inji.”

Tun da Auta ya iya magana bai taɓa kiransa da wannan sunan ba.

Ranar da aka kawo janaretan, ranar masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka zo da guduma da kurar turawa. Su uku ne, ƙarti. Suka yi ta dukan tayar farko, ta ƙi ko motsi. Mai Inji na zaune a bencin bakin ƙofa, yana jin kowane bugu a ɗinkinsa. Da abin ya ishe shi ya tashi ya je.

“Ba haka ake yi ba. Akwai maƙulli a gindin tayar, ku buga shi ta baya zai fita. Wancan notin hagu yake kwancewa.”

Suka gwada, tayar ta zame. Babbansu ya ce, “A'a, Baba ya san ta.”

Sai bakinsa ya buɗe. Ya nuna musu notin da ba a matsewa da ƙarfi. Ya gaya musu abin da hayaƙi fari ke nufi, da yadda ake jin ciwonta in an kafa sukuddireba a jikinta an sa kunne, da dalilin da ya sa ba a saka mata ruwan sanyi tana da zafi. Ya zaro cokalin daga aljihu ya ɗora a kan geji, ya nuna musu yatsa biyun. Babu abin da ya rage. A ƙarshen rumfa Auta na wasa zarto, ya ba su baya, ƙarar magagarinsa ba ta tsaya ba.

Babban masu gwangwan ya saurara iya ladabi. Sannan ya share gumi, ya nuna cokalin da haɓa.

“Baba, mu nauyi muke saye. In ba ka so, jefa shi a buhu.”